Gurbin da Aka Bar wa Ludmila

Shekara talatin da shida na yi ina koyar da 'yan aji huɗu a Chivilcoy kafin in ajiye alli. Don haka ranar da 'yata Griselda da mijinta Fabián suka ce za su saki gidan haya su koma zama cikin mota, ba su sha wahalar neman mai koyar da 'yarsu Ludmila ba. Ni na miƙa kaina tun ba a tambaye ni ba. Mijina ya rasu, gidan ya yi mini yawa, kuma na gaji da yin gardama da rediyo.

Motar tsohuwar bas ce ta ɗaukar 'yan makaranta. Fabián ya cire kujerun, ya kafa gadaje, da murhun gas, da teburi guda mai naɗewa. Lukuta muke ce mata, don ko a gangara ba ta wuce sittin a awa. A kan teburin nan ake cin abinci, a kansa Griselda ke aikinta na kwamfuta, a kansa Fabián ke yanka fatar da yake naɗe wa ƙwaryar shan mate, shayin ganyen da muke zagayawa da shi hannu zuwa hannu, ya kai kasuwar masu sana'ar hannu. Wanda ya riga shimfiɗa kayansa shi ke da teburi. Amma da tara ta buga kowa ya san nawa ne har sha biyu.

"A tashi, shugabar makarantar Lukuta ta iso," in ji Fabián kullum, yana tattara wuƙaƙensa. "Ɗaliba ɗaya, dokoki arba'in."

"Da ka samu rabin dokokin nan kana yaro, da yanzu ka iya rubuta sunanka ba ka fito da harshe ba."

Dokata ta gaskiya guda ce. Duk abin da aka gaya wa Ludmila, littafi ne ya faɗa, ko rediyo, ko ubanta, sai ta yi masa tambaya biyu: wa ya faɗa, kuma ta yaya ya sani? Na kwashe rayuwata ina sa 'ya'yan mutane haddar abin da ni kaina ban yarda da shi ba, saboda yana cikin manhaja. Da na samu jikata ni kaɗai, babu sufeto, babu ƙararrawa, na ce wannan kam ba za a cika mata kai da dusa ba. Ta kuwa kama. Tana da shekara takwas ta taɓa tsare wani mai gadin gidan tarihi da tambaya har ya ce a zo a ɗauke ta.

A watan Mayu na shekararmu ta biyu a hanya muka sauka Aguada Chica, wani ƙauye a gindin duwatsun Catamarca. Kwana uku muka yi niyya. Fatar da Fabián ya sa a aiko masa ta makara, sai muka yi mako uku. Inda muka ajiye Lukuta bayan filin ƙwallo ne, kuma shingen makarantar ƙauyen yana taku ashirin daga tagarmu.

Na lura da Ludmila ta fara sauri da lissafi. Goma da rabi 'yan makaranta ke fitowa shan iska, sai ta ce fitsari take ji, ta sauka, ba ta dawowa sai an kaɗa ƙararrawa. Ta taga nake hango ta, ta sa yatsu cikin wayar shingen, wata yarinya mai kitso biyu tana tsaye daga ciki suna ta zuba. Nayra sunanta. Uwarta, Eulogia, ita ke gasa burodin da muke saye. Kafin mako ya zagayo yaran nan biyu sun zama tamkar tsintsiya da madaurinta. Da yamma Nayra ke zuwa ta hau gadon sama na Lukuta, Ludmila kuma ta bi ta kora awaki.

Daga bakin Nayra maganar alkawarin tuta ta shigo mana mota. Ran ashirin ga Yuni, kamar kowace shekara, 'yan aji huɗu za su jeru cikin farar rigar makaranta, a karanta musu alkawari, su ɗaga hannu su amsa. Sau ɗaya ake yi a rayuwa. Ludmila ta cika tara, shekararta ce.

"Kaka, ke sau nawa kika sa yara suka yi?"

"Sau talatin da shida. Kuma ban ga wanda ya zama mutumin kirki don ya ɗaga hannu ba. Na ga zamanin da masu bindiga suka fi kowa son tuta, na san abin da aka yi a ƙarƙashinta."

"To amma ana ba da koko da biskit bayan an gama."

"Wannan kam hujja ce," in ji Fabián daga wajen sitiyari.

Ran wata Juma'a na je karɓo burodi, na tarar da wata mata gajera mai tabarau a ƙofar Eulogia. Tun kafin ta yi magana na san malama ce, daga yadda take tsayuwa kamar akwai wanda ke ɓarna a bayanta. Ita ma haka ta gane ni. Malama Zulema, shugabar makarantar, ita ke kuma riƙe da aji huɗu.

"Ke ce kakar mai tsayuwa a shinge?"

"Ni ce. In tana hana ku aiki sai in tsawata mata."

"Hana aiki? Jiya ta shinge ta gyara wa yarana lissafin rabawa. Ki saurare ni, Malama. Su tara ne a ajin bana. In kun kai ashirin ga wata a nan, ta zama ta goma. Ba takarda, ba komai, ni zan sa sunanta a jeri. Ta fara zuwa gwaji ran Litinin. Eulogia na da rigar babbar 'yarta, a rage hannu kawai. Ki gaya wa iyayen."

Na ce zan gaya musu. Na ɗauki burodina da zafinsa na kamo hanya.

Taku ɗari uku ne daga gidan Eulogia zuwa mota, kuma a cikinsu na gina wa kaina hujjoji masu kyau. Na ce biki ne na banza. Na ce za a saba wa yarinya da jeruwa a layi da amsa amin. Na ce za ta shaƙu da mutane sannan a ɗauke ta, ta fi jin ciwo. Duk gaskiya ne, shi ya sa suka yi mini daɗin ɗauka. Amma abin da ke ƙasa da su ban kalle shi ba sai daga baya. Na ga fuskar yarinyar nan a jikin shinge, kuma ba ta taɓa kallon teburina haka ba. In ta shiga ajin Zulema na mako uku, ba za ta so fitowa ba. In kuma ta koma makaranta, me tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya take yi a cikin motar da mutum uku ma sai sun yi gefe-gefe suke wucewa? Gadona shi ne wurin da ya kamata a sa injin wanki. Ba wanda ya taɓa faɗa. Ni na auna da idona.

Da rana muna cin taliya Fabián ya ce fata ta iso.

"Sanyi na sauka daga duwatsun nan. Ni dai da mu kama hanyar arewa ran Lahadi, mu riski kasuwar Corrientes. Amma Doña Herminia, ke za ki yanke. Ƙirjin naki yaya?"

Haka yake kirana, Doña, wato uwargida. Ina da tari duk hunturu, wannan ba ƙarya ba ne. Amma a ranar nan babu shi. Na nemo shi. Na yi guda biyu, na dafa ƙirji.

"Mama, kin ji ko?" in ji Griselda. "Ke ba kya faɗa sai kin kwanta. Lahadi za mu tafi."

Ludmila ta ajiye cokali. "Nayra ta ce Malama Zulema za ta yi miki magana a kaina."

"Ta yi."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta so ƙwarai, amma doka ta hana. Sai yaron da sunansa ke cikin rajistar makaranta."

Na jira tambayoyin nan biyu. Shekara biyu ina dasa mata su a baki, ta yi wa littafi, ta yi wa likita, ta yi wa ubanta har ya gaji. Ta dube ni kawai ta ce, "To," ta ɗauki cokalinta. A lokacin na gane ni kaɗai ce a duniya ba ta yi wa su.

Asabar duka ina fargaba kada yaran su haɗa zance, amma ashe tun yammacin Juma'ar Eulogia ta tafi da Nayra gaida wata goggo a bayan dutse. Da muka tashi ran Lahadi gidan a rufe yake. Ludmila ta rataya wa Nayra ƙwaryar mate ƙarama a ƙofa, a ciki da lambar wayar Griselda da 'yar takarda cewa ƙirjina ne ya tashe mu.

Kwana shida muka yi a hanya, muna tsayawa gidajen mai muna ɗiban ruwa. Ƙasa ta sauya daga ja zuwa fari zuwa kore, iska ta yi ɗumi, tarin da na ara ya tafi abinsa. Muka sauka wani gari a bakin kogin Paraná, kusa da inda ake kasuwar. Makaranta ta ci gaba, tara zuwa sha biyu. Ludmila ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Da ta yi, da na samu abin da zan tsawata wa.

Ran Talata aikin rubutu ne, kowa da abin da ya zaɓa. Ta daɗe tana goge-goge, sannan ta turo mini littafin.

"Ki gyara mini, Kaka. Da jan biro, kamar na gaske. Aikawa zan yi."

Wasiƙa ce zuwa ga ma'aikatar ilimi. Ta gabatar da kanta, Ludmila Ferreyra, shekara tara, mazauniyar mota. Ta ce akwai wata doka da ta hana yaran da ba su cikin rajista yin alkawarin tuta, kuma tana so a gaya mata wa ya kafa ta, kuma ta yaya ya san yaran mota ba su da tuta. Ta ce ta ga larduna goma sha ɗaya da idonta, ta fi yawancin masu rajista sanin girman ƙasar. Ta ce in ba za a iya gyarawa bana ba, a gyara saboda na baya.

Ban taɓa samun ɗalibin da ya rubuta abu mai kyau haka ba. Na zauna da jan birona ina sa waƙafi a ƙorafin da aka yi a kan dokar da ni na ƙirƙira tsakanin loma biyu na taliya. Kuskure uku na samu. Na zagaye su. Na yi gyaran tsaf kamar kullum, abin da har yau nake jin kunyarsa ke nan.

"Ya yi?"

"Ya yi. Kawo, ni zan kai gidan waya."

Na sa ta cikin gwangwanin ganyen mate da ya ƙare, na tura can bayan tukwane.

Mai hankali da a ranar ya faɗi gaskiya. Saura kwana tara, ko Lukuta za ta iya komawa in an matsa mata. Amma ni sai na yi dabarar malamai: in ka ɓata wa yaro, ba ka ba shi haƙuri, sai ka ba shi maki. Na sa rigata ta fita kunya, na nemi makarantar da ke garin, na shiga ofishin shugaban, wani saurayi da bai kai shekarun aikina a duniya ba. Na zayyana masa shekaru talatin da shida. Ya ce ba komai, ta zo, ai yara da yawa ne, ɗaya ba za ta yi nauyi ba. Minti biyar bai cika ba. Na sayi farar riga a kanti na dawo.

"An yarda. Za ki yi alkawari a nan ran ashirin."

Ta buɗe ido. "Wasiƙata ce? Har ta isa?"

Griselda da Fabián suna kallona. Na ce, "Ga dukkan alama."

"Kin ga aikin ilimi," in ji Fabián. "'Yata ta kayar da gwamnati da fensir. Doña, ki sa ta rubuta musu a kan kuɗin mai."

Ranar ta zo da rana mai kyau. Yara kusan casa'in a farfajiya, iyaye da wayoyi a sama. Aka sa Ludmila a ƙarshen layi na uku, bayan wani dogon yaro. Rigar sabuwa ce fil, ta fi ta kowa fari, kana gani ka san baƙuwa ce. Aka karanta alkawarin nan da na iya ko a cikin barci. Ta ɗaga hannu tare da kowa, ta amsa tare da kowa. Da aka watse yara suka ruga wajen junansu, ita kuma ta tsaya da kofin koko tana neman mu da ido.

"Yaya, 'yar ƙasa?" in ji uwarta.

"Lafiya lau." Ta miƙa mini biskit ɗinta. "Na gode, Kaka."

Muna cikin mota Griselda na zuba ruwan mate sai wayarta ta yi ƙara. Eulogia ce. A Aguada Chica sai an hau tudun maƙabarta ake samun layi, shi ya sa tun tafiyarmu ba mu ji daga gare ta ba. Hoto ta turo, da saƙon murya. Griselda ta kunna a fili.

"Griselda, gaisuwa. Ga yaranmu nan, an gama lafiya. Nayra ta hana kowa tsayuwa kusa da ita, wai wurin Ludmi ne. Malama Zulema ta ce a bar ta, ko Allah zai sa ku juyo, har sunan ta kira. Rigar ma na rage hannun tun wancan mako. To, haka Allah ya so. A gaida Doña, Allah ya ƙara sauƙin ƙirji."

Ludmila ta karɓi wayar. Yara tara a gaban bangon ƙasa, duwatsu a bayansu. Tsakanin Nayra da wani yaro mai kunnuwa akwai fili daidai faɗin mutum ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton, ta mayar.

"Kaka. In doka ta hana, me ya sa Malama ta kira sunana?"

Ludmila ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya gaya miki akwai dokar?"

Ga tambayoyin nan, sun iso, a makare da mako uku. Na tashi na janye tukwane, na ciro gwangwanin, na ajiye wasiƙar a kan teburi da jan zanena a jikinta.

"Ba wanda ya gaya mini. Babu wata doka. Malama Zulema ta ce ki zo, ni na ɓoye. Tarin ma na ranar nan ni na ƙirƙiro shi."

"Mama," in ji Griselda, a hankali.

"Don me?" in ji yarinyar.

"Don na ji tsoron in kin shiga ajinta ba za ki ƙara son nawa ba."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta ce ta tsane ni, irin na yara, wanda ake wankewa da alewa. Sai ta cire farar rigar, ta ninke ta yadda na koya mata, hannu a ciki, ta ajiye a kan gadona.

"Ni ba tutar nake so ba," ta ce. "Nayra ta ce in ta ji tsoro za ta riƙe mini ɗan yatsa."

Ta sauka ta zauna a inuwar motar. Fabián ya ɗauki wuƙaƙensa ya bi bayanta. Griselda ta zuba mate ta sha, ta sake zubawa ta sha, ba ta miƙo mini ba. A gidanmu ba a taɓa tsallake mutum a zagayen ƙwarya ba sai ranar.

Ban san abin da suka tattauna su biyu ba, ba a kira ni ba, ban kuma tambaya ba. Mun ƙarasa shekarar a hanya. Ana makaranta tara zuwa sha biyu kamar da, sai dai yanzu in na ce kogin nan ya fi wancan tsawo, Ludmila takan ce, "Bari in duba," ta jawo taswira. Abin da na roƙa ke nan tun farko, ba ni da bakin ƙorafi.

A watan Maris, da aka buɗe makarantu, Lukuta ta koma Aguada Chica. Fabián ya ajiye ta a bayan gidan Eulogia, ya sa duwatsu a ƙarƙashin tayoyin, ya ce shekara ɗaya, a gani. Aka rubuta sunan Ludmila a rajistar aji biyar. Na ce wa Griselda in suna son wurin gadona in koma Chivilcoy wajen ƙanwata.

"Ki zauna, Mama. Kin fi amfani a inda nake ganinki."

Ban tambaye ta me take nufi ba.

Yanzu teburi na Fabián ne daga safe har rana. Aikina shi ne rigar. Ran Lahadi nakan wanke ta, in ɗora dutsen guga a kan murhu, in bi kowace tattara. Ta babbar 'yar Eulogia ce, wadda aka rage wa hannu. Sabuwar da na saya Ludmila ba ta ƙara taɓawa ba. Da safe takan sumbace ni a kumatu ta fita, Nayra na jiranta a bakin shingen makaranta, yanzu su biyun duk ta ciki suke.

Sau ɗaya Malama Zulema ta aiko in zo in taya ta da masu wahalar karatu. Na je. Ba ta ce mini komai a kan bara ba, ta nuna mini kujera da yara uku. A bangon ajin huɗu an jera hotunan ranar tuta, shekara bayan shekara, kamar yadda ni ma nake jerawa a nawa ajin. Na bara yana can ƙarshe, kusa da ƙofa. Duk Talata da Alhamis sai na wuce ta gabansa, shiga da fita. Zulema ta rubuta sunaye a ƙasan hoton da hannunta, kuma goma ta rubuta.